Murfin Tukunyar Gidan Mohnen

Ƙafar Gereon Mohnen ta hagu ta riga ta fito, ta dama kuwa ta maƙale a ƙarƙashin sitiyari, shi kuma yana rataye tsakanin kujera da ƙofa yana nishi. Jelle, abokin tuƙinsa, yana tsaye a kansa da hular kwano yana jiran a ba shi wuri. Motar ko tayar da ita ba a yi ba. A cikin gareji take, ana gwajin musayar direba kafin tseren rana.

"Baba, in kira masu janwe su ciro ka?" in ji Jelle.

"Kira mamanka ta zo ta ɗaura maka bel tukuna."

Gwiwar ta yi ƙas, ƙafar ta fito. Gereon ya fizgo soson kujerarsa, Jelle ya jefa nasa ya faɗa ciki kamar kyanwa. Haka aikin yake a tseren awa shida: mota ɗaya, direba biyu, kowa da sosonsa da aka zuba aka zaunar da shi a kai har ya ɗauki siffar bayansa da mazaunansa. Na Jelle siriri ne. Na Gereon kuwa kanikawan ƙungiyar sun sa masa suna Katifa.

Manaja Brüggemann ya dubi agogon hannunsa kawai, abin da ya fi faɗa ciwo. Mutum ne mai ladabi ƙwarai, irin wanda zai kore ka daga aiki ka ce masa na gode.

"Malam Mohnen, zo mu ɗan yi magana."

Suka koma bayan tarin tayoyi.

"Kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu yana son matasa a baɗi," in ji Brüggemann. "Na ce musu kana da sauran aiki a hannunka. Sun ce in nuna musu. Yau ne tseren ƙarshe na shekara, kuma shugabanninsu suna sama a ɗakin gilashi suna kallo. In kun hau dandamalin ukun farko, ba tare da wani kuskure daga ɓangarenka ba, kujerarka tana nan. In ba haka ba, ka san ba ni da abin da zan faɗa musu."

"Na gane, yallaɓai."

"Ba na shakkarka."

"Na ga alama," in ji Gereon.

Kujerar nan ba don abinci yake son ta ba. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na yankin Eifel ya san gidan Mohnen da motarsu ruwan ɗorawa. Marigayi tsoho Mohnen ne ya kafa ƙungiyar a bayan garejinsa na gyaran tarakta, da ya rasu sai babbar 'yarsa Mechthild ta karɓi ragama, ƙanenta Gereon yana tuƙi. Shekara ashirin da wani abu suna haka, ita tana ba da umarni, shi yana musu yana bi. Ya haura hamsin, gashin kansa ya gudu, amma a bakinta har yau Auta ne.

Sai bara, ranar wata Lahadi, ana tsakiyar cin abincin rana da kanikawa da kowa, Mechthild ta ajiye cokali ta ce daga yanzu Ilka ce za ta riƙa tashi da mota kuma ita za ta rufe tsere. Ilka yarinya ce da suka ɗauko daga tseren ƙananan motoci. Gereon zai riƙe tsakiya.

"Tsakiya?" in ji shi. "Ni?"

"Ka fara taka birki da wuri, Auta. A gangaren rafi ma har ina jin kunya. Ba laifi ba ne, shekaru ne."

Da a gefe ta kira shi ta faɗa, da wataƙila ya haɗiye. Amma Mechthild ba ta san gefe ba. Ya tashi ya bar dankalinsa a faranti, kafin wata ya ƙare ya sa hannu da ƙungiyar Brüggemann mai baƙaƙen motoci da injin kofi da ya fi tsohuwar motar gidansu tsada. Tun daga ranar bai taka gidan ba, kuma kalma ɗaya ba ta shiga tsakaninsu kai tsaye ba. Yana son kujerar baɗi ne don yayarsa ta gan shi a cikinta. In aka sallame shi yau, to maganarta ta tabbata a gaban duniya.

Duk tsawon shekarar nan, in zai je shan kofi a rumfar da ke bakin layin gareji, ta bayan manyan motoci yake zagayawa, don garejin Mohnen yana farkon layin, na Brüggemann can wajen ƙarshe. Yau wata motar taya ta toshe hanyar bayan. Ya gyara wuyan rigarsa ya bi ta gaba, yana kallon sama kamar mai nazarin hadari.

"A'a, baƙo muka yi."

Ottmar ne, tsohon bakaniken gidan, zaune a kan taya yana cin burodi da cuku. Shi ya koya wa Gereon riƙe sifana tun yana yaro, saboda haka ba ya jin nauyinsa ko kaɗan.

"Auta, wannan baƙar rigar ta aiki ce ko wani ne ya rasu?"

"Ina kwana, Ottmar. Har yanzu ba a yi maka ritaya ba?"

"Ina jiran in raka ka mu tafi tare."

A jikin bango, kusa da ƙofa, ga murfin nan a jingine. Sauran ƙungiyoyi suna da allo mai lamba da fitila wanda ake saukewa a gaban mota don direba ya san inda zai tsaya. Gidan Mohnen murfin tukunya suke da shi. Ranar tserensu na farko tsoho ya manta da allo, sai ya ɗauke murfin tukunyar miyar da matarsa ta kawo wa kanikawa, ya ɗaure a sandar tsintsiya. Suka zo na uku, daga nan kuwa ba wanda ya isa ya taɓa murfin. Aka yi masa fenti ruwan ɗorawa, tukunyar gidan ta koma rufuwa da faranti har yau. Mechthild ce mai riƙe shi tun tana budurwa. In Gereon ya shigo layi sai ya ƙifta mata fitila, ita kuma ta sauke murfi, kanikawa su zabura. Ko cikin ruwa ko cikin hazo ba su taɓa saɓa wa juna ba.

Ya kawar da kai daga murfin, sai ga mai shi ta fito tana goge hannu da tsumma. Ta dube shi daga sama har ƙasa, sannan ta juya wajen Ottmar.

"Ottmar, gaya masa zip ɗin rigarsa yana neman agaji."

"Ottmar, gaya mata na rage ƙiba."

"Tambaye shi a ina ya rage, a kunne?"

Ottmar ya ci gaba da tauna, yana kallon wannan yana kallon wancan. Tun farkon shekara yake wannan aikin tafinta, ba a taɓa jira ya fassara ba.

"Gaya masa za a yi ruwa da la'asar," in ji Mechthild. "Ya taka birkinsa da wuri yadda ya saba, kada ya je ya burge mutanen ɗakin gilashi ya ji wa kansa ciwo."

"Gaya mata ta ce wa Ilka ta riƙa duba madubi."

"Gaya masa yarinyar ba ta da lokacin kallon abin da ke bayanta."

Gereon ya wuce. Ya kai rumfa ya karɓi kofinsa, haushi bai sake shi ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ta san maganar ɗakin gilashi. A layin gareji ba abin da ke ɓoyuwa, in ka yi atishawa a wannan ƙarshen za a ce maka sannu daga wancan.

Da rana ta take aka tashi tsere. Jelle ne ya fara, ya riƙe motar da kyau, ya dawo da ita tana ta huɗu a rukuninsu. Musayar ta tafi daidai, ko da yake Katifa ta ɗan ƙi shiga sai da wani bakanike ya danna ta da gwiwa. Gereon ya fita daidai lokacin da sama ta fara haɗe rai.

Hanyar tserenmu doguwa ce, ta ratsa daji ta hau tudu ta gangara, har ma sai a yi ruwa a wannan gefen rana tana haskawa a wancan. Mutanenmu sun kafa tantuna a bakin shingen waya tun jiya, suna gasa nama, hayaƙinsu yana ratsa hanya. Gereon ya san kowace kwana kamar ɗakunan gidansu. Ya san inda kwalta ke riƙe ruwa da inda ganyen kaka ke taruwa. Matasa suna jin ɗigon farko a gilashi sai ƙafarsu ta yi sanyi, shi kuwa a nan ne jikinsa ke sakewa. Ya wuce motar da ke ta uku a kan tudu ba tare da wata wahala ba.

"Madalla, Malam Mohnen," in ji muryar Brüggemann a kunnensa. "Muna kan dandamali. Ka riƙe haka kawai, kada ka nemi ƙari."

Da ya ji shawara, da labarin ya ƙare a nan. Amma da ya fito daga wata doguwar kwana sai ya hango bayan mota ruwan ɗorawa tana fesa ruwa. Ilka ce, ita ce ta biyu.

Ya bi ta zagaye guda yana kallon yadda take ɗaukar kwana. Gaskiya yarinyar ta iya, wannan bai musa ba ko a ransa. Sai dai ba ta taɓa ganin gangaren rafi a jiƙe irin na yau ba. Da suka doso gangaren, fitilun birkinta suka kama. Ƙafar Gereon ta ɗaga da kanta za ta taka, a daidai wurin da ta saba takawa 'yan shekarun nan, ya ji ta, ya hana ta. Ya bar motar ta ƙara gangarawa, sannan ya taka. Bayan motar ya yi rawa, ya kama ta. Da suka fito daga kwanar, ruwan ɗorawa tana cikin madubinsa.

"Malam Mohnen," in ji Brüggemann, "ban ce kada ka nemi ƙari ba?"

"Ban ji ba, yallaɓai. Rediyon yana yankewa a daji."

Daɗi ya cika shi har wuya. Ya daɗe bai ji irinsa ba. Sauran zagayen duk bai san yadda suka wuce ba, hannu yana tuƙi, kai yana shirya jawabi. Zai bi ta gaban garejin bayan tsere, ba sauri, da kofin azurfa a hammata. Zai ce, Ottmar, tambaye ta ko ta ga gangaren rafi. A'a, wannan ya yi yawa. Zai tsaya ne kawai ya yi gyaran murya. Ko kuma ya aika mata da sabon birki a kwali, ya ce nasa bai ƙare ba, ko Ilka tana buƙata.

"Ka shigo wannan zagayen," in ji Brüggemann. "Jelle ya shirya, shi zai rufe."

"To."

Ya shigo layin gareji ya rage gudu, ruwa yana zuba, gilashi ya yi dishi-dishi, jawabin birki yana ta ƙara kyau a kansa. Murfi ya sauka. Gereon ya karya sitiyari ya kawo hancin motar ya tsayar a jikin murfin, daidai, ko yatsa ba zai shiga tsakani ba. Ya kashe inji.

Kanikawa suka zabura. Ottmar ya cusa tiyon iska, mota ta ɗaga a kan jak. Wani ya durƙusa a tayar gaba, wani ya buɗe ƙofa. Gereon ya ɓalle bel, ya jefa ƙafar hagu waje, ta dama ta biyo ta sumul, karo na farko a shekarar nan ba ta maƙale ba. Ottmar ya riga ya kwanta a kan gilashi yana gogewa yana mitar da ya saba.

"Kullum sai ka kwaso ƙwarin dajin nan duka, Auta, kamar..."

Tsumman ya tsaya. Ottmar ya dubi abin da yake kwance a kai. Baƙi ne wuluk, da sunan kamfanin mutanen ɗakin gilashi da manyan haruffa. Wanda ya durƙusa a taya ya ɗago yana riƙe da abin kwance noti, bakinsa a buɗe. Gereon kuwa yana tsaye cikin ruwa yana kallon riguna ruwan ɗorawa kewaye da shi, har lokacin bai ga abin da ya ɓaci ba.

"Malam Mohnen," in ji murya a kunnensa, cikin ladabi mai ban tsoro. "Kana ina?"

Can ƙarshen layi ya hango mutane masu baƙaƙen riguna sun jeru da tayoyi a hannu, da Jelle yana ɗaga hannuwa sama yana tsalle.

Mechthild ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta jefar da sandar, abin da ba a taɓa ganin ta yi ba, ta kama shi ta kafaɗa ta tura shi cikin mota.

"Koma ciki, Auta. Naku yana gaba."

Ba ta ce Ottmar gaya masa ba. Ta shigar da rabin jikinta ta lalubo bel ɗin kafaɗa da na cinya ta haɗa su, ta ja da ƙarfi har numfashinsa ya ɗauke, yadda take yi masa tun tserensa na farko. Ta buga hular kwanonsa da tafin hannu, ta rufe ƙofa. Ottmar ya zare tiyo, mota ta dira ƙasa.

Tafiyar daga garejin Mohnen zuwa na Brüggemann ba ta da nisa, amma Gereon bai taɓa yin doguwar tafiya irinta ba. Doka ta hana gudu a layin, saboda haka a hankali ya bi ta gaban kowace ƙungiya, kanikawa suna fitowa suna tafa masa. Wasu har da sara masa. A garejin Brüggemann ƙafar dama ta maƙale kamar yadda ta saba.

Jelle ko Baba bai ce ba, ya shiga ya tafi. Alƙalan tsere kuma suka ƙara musu hukunci saboda hannun wata ƙungiya ya taɓa motarsu, sai da Jelle ya sake ratsa layin a hankali. Da aka kaɗa tutar ƙarshe su ne na shida. Ilka ta zo ta biyu.

Gereon ya zauna a bayan tarin tayoyi da tawul a kai. Bai tsira ba, don babban allon da ke fuskantar gareji yana ta maimaita abin, har da rage saurin hoto a daidai inda tsumman Ottmar ya tsaya. Kowane maimaici sai ya ji dariyar 'yan kallo ta taso daga tsallaken hanya. Kunya ta ishe shi. Ya fi son a ce bango ya daka, don wanda ya daki bango ana yi masa jaje.

Brüggemann ya zo da kansa, riƙe da wata babbar leda.

"Malam Mohnen, zan faɗa maka gaskiya. Abin da ka yi a cikin ruwan nan, ban ga wanda ya yi irinsa yau ba."

"Na gode, yallaɓai."

"Amma mutanen sama sun ga motarsu a kan jak ɗin wasu, a talabijin, wani dattijo yana goge ta. Na yi ƙoƙarin bayani. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni ko murfin tukunya ne ya gani."

"Shi ne."

"Haka na ce masa." Ya miƙa ledar. Katifa ce a ciki, an goge ta tas an naɗe. "Muna yi maka fatan alheri."

"Na gode," in ji Gereon, sannan ya ji haushin kansa da ya faɗa.

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ya fito da jakarsa a kafaɗa da leda a hammata. Ruwa ya ɗauke, ana ta loda manyan motoci. Wani ɗan kallo da hancinsa ya yi ja ya tare shi da murfin tukunyar da ya dafa wake a tanti, wai ya sa masa hannu. Gereon ya dube shi, ya dubi murfin, ya karɓi alƙalamin ya sa. Yana iya bi ta bayan motoci, hanyar ta buɗe yanzu. Sai dai akwai abin da ke cin sa tun yana zaune a bayan tayoyi, kuma ba zai iya kai shi gida ba.

Ottmar yana naɗe tiyo a ƙofar garejin.

"Wannan karon da niyya ka tsaya, ko shi ma kuskure ne?"

"Da niyya."

"To bari in ajiye tsumma, kada in goge ka."

Ilka ta fito da kofinta na azurfa, gashinta a jiƙe. Ta ɗan rusuna masa.

"Kawu, wucewar nan ta gangare ba ta yi mini daɗi ba. Zan rama."

"Ki zo in nuna miki inda ake takawa."

"Da gaske?"

"In na sami lokaci," in ji shi, kamar mutumin da ayyuka suka yi wa yawa.

Mechthild tana ciki, ta kwance murfin daga sanda tana duba gefen da ya lotsa lokacin da ta jefar. Ba ta ɗago ba. Gereon ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ottmar, tambaye ta..."

"Ga ni nan. Tambaye ni."

Ya ajiye jakar.

"Na lissafa man Ilka, Yaya. Sai bayan na sha mai ita ta sha, ba lokacin shigowarta ba ne. Mutanenki a zaune suke. Me ya fito da murfi?"

Ta ci gaba da murza gefen murfin da babban yatsa.

"Ka ƙifta mini fitila."

"Ban ƙifta ba."

"Ka ƙifta," in ji Ottmar daga waje. "Yana cikin hoton ma, in kana son a sake nuna maka."

Gereon ya dubi hannunsa na hagu. Bai tuna ba ko kaɗan, amma bai yi musu ba, don ya san hannun.

"To ni ke nan, kaina yana wani wuri. Ke fa? Motar baƙa ce, Yaya. Ko makaho ya san ba taku ba ce."

"Na ga baƙa ce."

"To?"

"Idona ya gani. Hannuna ne bai tsaya tambaya ba." Ta ajiye murfin a kan tebur, ta dube shi. Idanunta sun yi ja. "Duk shekarar nan in ka shigo layi sai in juya baya, don na san halina. Yau ina kallon allo ne, na ga abin da ka yi a gangare, ban juya da wuri ba. Ni na jawo maka, Auta. Na raba ka da kujerarka."

Tun da aka haife shi bai taɓa jin Mechthild ta ce ita ta yi kuskure ba. Ko ranar da ta tura tarakta cikin rafi, rafin ne ya matso. Ya zo da faɗa a bakinsa, ya laluba ya rasa inda ya shiga. Tausayinta ya kama shi, da wani daɗi da bai san inda zai ajiye shi ba.

"Me kika gani a gangaren?" in ji shi.

"Ka ji ni."

"Ban ji ba. Kunnena ya tsufa, shekaru ne."

"Ba ka taka da wuri ba."

"Ɗan ƙara murya, Ottmar bai ji ba."

"Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba." Ta share hanci da bayan hannu, ta dawo Mechthild ɗinta. "Kuma zagaye ɗaya ne cikin ruwa. In rana ta fito yarinyar ta fi ka sauri, kai ma ka sani. Mene ne wannan a ledar?"

"Sosona."

"Har naɗe maka suka yi? Masu kuɗi akwai ladabi."

Ottmar ya shigo, ya zare ledar daga hammatar Gereon ba tare da ya nemi izini ba, ya hau bayan babbar motarsu. Ta ƙofar da ke buɗe Gereon ya hango bangon da ake rataye kayan direbobi. Soson Ilka yana kan ƙusarsa, na yaron da suka ɗauka haya bana yana ajiye a ƙasa a kan kwali. Ƙusa ta farko, wadda ke kusa da ƙofa, ba komai a kanta. Ottmar ya cire ledar ya rataye Katifa a wurin.

"Tsakiya," in ji Mechthild. "Ban canza magana ba."

"In an yi ruwa fa?"

"In an yi ruwa sai a zauna a yi magana."

"A gefe, ba a kan abinci ba."

Ta ɗauki murfin daga tebur. "A gefe."

Ta naɗe murfin a tsohon tawul ta sa a hammata, ta miƙa masa sandar ya riƙe mata. Suka fito tare, Ottmar yana ja musu ƙofar garejin.

"Gobe Lahadi," in ji ta, tana kallon gabanta. "Ƙarfe ɗaya, kuma ba na ɗumama wa kowa abinci. Ka tuna gidan, ko sai na fito bakin titi da murfi?"

Gereon ya gyara riƙon sandar.

"Ki fito da shi, Yaya," in ji shi. "Kada in wuce."